CINIKIN GOBE
Karatu: Yakubu 4:13-15, Mai Hadishi 11:2

Yau za mu yi tunani a kan kuɗin da Allah ya danƙa a hannunmu, da inda muke zuba su.

Mu mutanen Jahun da Haɗeja mun san wani irin ciniki. Manomi yakan karɓi kuɗin ɗan kasuwa tun shinkafa tana fadama, su yanke farashin buhu, sai da kaka ya biya. In damina ta yi kyau, to, madalla. In kogi ya yi ambaliya kamar ta 2022, gona ta tafi, amma alkawari yana nan a wuyansa.

A kasuwar hannun jari ma ana yin irin wannan. A Afrilu 2022 kasuwar NGX da ke Legas ta buɗe cinikin gaba a kan ma'aunin NGX 30, wanda yake bin farashin manyan kamfanoni 30. Mai wannan ciniki ba ya mallakar ko hannun jari ɗaya. Alkawari ne ya ɗauka a kan inda farashi zai tsaya wata rana nan gaba. Yakan ba da kafin alƙalami kaɗan, amma riba da hasara a kan dukan cinikin ake lissafa su. Misali, ka ajiye Naira 100,000 a kan cinikin Naira 1,000,000. In farashi ya sauka da kashi 10 cikin 100, kuɗinka sun ƙare ƙaf, kuma za a ce ka ƙaro. Irin wannan ciniki ne ya rushe bankin Barings na Ingila a 1995, bayan ya shekara fiye da 200, ta hannun ma'aikaci ɗaya a Singafo.

Manzo Yakubu bai hana neman riba ba. Abin da ya tsauta wa 'yan kasuwa a kai shi ne yin magana kamar gobe tana cikin aljihunsu. Saboda haka ga shawara huɗu.

Ta fari, kada ka taɓa irin shuka, ko abincin gida, ko kuɗin makarantar yara. Abin da ya ragu shi ake juyawa.

Ta biyu, kada ka ci bashi domin ka shiga cinikin da ba ka gane ba. In ba za ka iya bayyana wa matarka yadda ribar take fitowa ba, ka dakata.

Ta uku, ka rarraba, kamar yadda Mai Hadishi ya koyar. Mai hikima yana da gero a tudu, shinkafa a fadama, awaki a gida.

Ta huɗu, ka bincika ko hukumar SEC ta yi wa kamfanin rajista. Mutane da yawa sun yi kuka sa'ad da MMM ta rufe kuɗinsu a Disamba 2016, domin an yi musu alkawarin kashi 30 cikin 100 a wata. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, mu wakilai ne kawai, Mai dukiya kuwa zai nemi lissafi.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka ba mu haƙuri da wadar zuci, ka tsare gumin bayinka daga hannun mayaudara. Cikin sunan Yesu. Amin.