SIRRIN SANA'A DA HAƘƘIN MAI KAYA



GABATARWA

Batun da wannan lacca za ta tattauna ƙarami ne a ido, amma abincin gidaje da yawa yana rataye da shi. Duk wanda ya biyo hanyar Funtuwa, ya ratsa Tsafe, ya shiga Gusau, ya zarce Bungudu, ba zai rasa ganin rumfa a wata unguwa da samari kewaye da teburin sunuka ba. Wanda ya kafa teburin yana karɓar kuɗi a kan kowane wasa, da su yake ci, da su yake sha. Bayan damina guda sai ƙwallo ya fara karkata gefe ɗaya, ƙyalle ya saki, robar gefe ta daina mayar da ƙwallo. Sai a kira kafintan da ya san aikin. Yakan gyara, a biya shi, bayan 'yan watanni a sake kiransa. Wata rana mai tebur yakan ce, "Baba, don Allah nuna mini yadda ake daidaita shi, in riƙa yi da kaina." Kafinta kuma yakan yi murmushi ya ce, "Yaro, in na nuna maka, ni kuma in ci me?"

Tambayar ke nan. Shin wajibi ne mai sana'a ya buɗe wa mai kaya sirrin aikinsa, ko kuwa yana da ikon ya rufe? Amsar da za a bayar a nan ita ce, abin da ake kira sirrin sana'a ba iri ɗaya ba ne. Kashi uku ne, kowane kashi kuwa da hukuncinsa.

ABIN DA KE CIKIN TEBUR

Kafin a yanke hukunci ya kamata a san abin da ake jayayya a kansa. Wasan sunuka hafsoshin sojan Ingila ne suka ƙago shi a garin Jabalpur na ƙasar Indiya a shekarar 1875. Babban teburinsa yana da tsawon ƙafa 12 da faɗin ƙafa 6. Ƙarƙashin koren ƙyallen nan falalen dutse ne guda biyar da aka goge sumul aka jera. Wani maƙerin tebur na Landan mai suna John Thurston ne ya shigo da amfani da dutse a maimakon katako a wajejen 1826, saboda katako yana kumbura yana lanƙwasa in ya sha raɓa. A 1845 kuma ya fara sa robar da zafi da sanyi ba sa ɓata ta a gefunan tebur. Ƙananan tebura masu ƙafa 7 zuwa 9 galibi dutsensu falle ɗaya ne ko uku. Da yawa daga teburan da ake haɗawa a gida kuwa fallen katako ne a ƙarƙashinsu don araha, shi ya sa damina take yi musu illa da wuri.

Aikin mai gyara huɗu ne: daidaita shimfiɗar da ma'aunin ruwa irin na magina, yana cusa siraran katako a ƙarƙashi har ko'ina ya yi daidai, cike tsagar da ke tsakanin falle da falle, sau da yawa da kakin zuma, jan ƙyalle ya ɗame ba tare da tattara ba, da ɗaura roba a tsayin da ya dace da girman ƙwallo. To, ga shi an faɗi sirrin duka cikin jimla guda. Amma a cikin masu sauraro babu wanda zai fita daga wannan zaure ya ɗame ƙyalle daidai saboda ya ji wannan bayani. A riƙe wannan, za a komo gare shi.

DALILIN RUFE SIRRI

Kada a yi gaggawar kiran kafintan nan marowaci. A Hausa kalmar asiri tana ɗauke da ma'ana uku: abin da aka ɓoye, maganin da ake tsare kai da shi, da kuma mutuncin da mutum yake samu in yana iya ciyar da iyalinsa ba tare da roƙo ba. In Bahaushe ya ce Allah ya rufa asiri, wannan na uku yake nufi. Saboda haka a wurin maƙeri da majemi da marini da wanzami da mai ɗori, sirrin sana'a shi ne rufin asiri. Don haka ne aka riƙa gadon sana'a daga uba zuwa ɗa, baƙo kuwa sai ya yi shekaru yana zuga zugazugi kafin a bar shi ya riƙe guduma.

Ƙasar nan ma tana da labarin da ya ƙarfafa wannan tsoro. Tarihin baka na Katsina ya nuna cewa Korau mutumin 'Yandoto ne, kuma bai kayar da Sanau, sarki na ƙarshe daga Durɓawa, a fagen kokawa ba sai da matar Sanau ta tona masa inda asirin mijinta yake. Sirri ya fita, sarauta ta bi shi. Wanda ya tashi da irin wannan labari a kunne ba abin mamaki ba ne ya riƙa kama bakinsa.

Ba Hausawa kaɗai ke da wannan hali ba. A 1291 hukumar birnin Venis na ƙasar Italiya ta kwashe masu aikin gilashi zuwa tsibirin Murano, daga baya kuma ta hana gwanayensu fita ƙasar waje da sana'ar. Duk da haka a wajejen 1665 Faransa ta lallashi wasu daga cikinsu da kuɗi, suka je suka koyar da aikin madubi. Abin lura kuma shi ne, Venis ɗin nan ce a 1474 ta kafa doka cewa wanda ya ƙago sabuwar dabara ya bayyana ta ga hukuma, a ba shi kariya ta shekara 10 kada kowa ya kwaikwaya sai da izininsa. Watau tun a wancan zamani an gane cewa katanga ba ta tsare ilmi, abin da ya fi shi ne a biya mai shi ya buɗe.

KASHI NA FARKO: ILMIN KULAWA DA NA HAƊARI

Wannan haƙƙin mai kaya ne, ba alfarma ba. Wanda ya sayi tebur ya kamata a gaya masa cewa ana share ƙyalle da buroshi ta fuska ɗaya, watau inda gashinsa ya kwanta. A rufe shi in ba a wasa. Kada a zauna a gefensa. Kada a ja shi a ƙasa, domin jan yana ɓata daidaito. Kuma kada mutum ɗaya ya ce zai ɗaga fallen dutse, don ya fi ƙarfinsa, in ya suɓuce kuwa yana karya ƙafa. Mai gyaran da ya ɓoye irin wannan don a riƙa kiransa kullum, ba sana'arsa yake ci ba, jahilcin abokin cinikinsa yake ci.

Misalin tebur yana iya zama kamar wasa, amma Zamfara ta ga abin da ke faruwa in ilmin haɗari bai kai ga masu yi da hannunsu ba. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya har Bagega. Mutane suna kawo duwatsun zinariya cikin gida suna daka suna niƙa, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu. Illar dalma ba sabon abu ba ce a wurin masana, an san ta tun zamanin da. Ba a ce wani ya ɓoye ta da gangan ba, amma ilmin ya tsaya a littafi da ofis bai isa tsakar gida ba. Duk abin da rashin saninsa zai iya salwantar da rai ko dukiya, ba ya shiga cikin abin da ake kira sirri.

KASHI NA BIYU: GASKIYAR CIWON

Idan aka kawo wa mai gyara kaya, tilas ne ya faɗi ainihin abin da ya lalace, da abin da ya canza, da irin kayan da ya sa. In ƙafa ɗaya ce ta nutse a ƙasa, kada ya ce sai an sake shimfiɗa gaba ɗaya. In tsohuwar roba ya mayar, kada ya karɓi kuɗin sabuwa. Ɓoye wannan algus ne, kuma kasuwar Hausa ta daɗe da sanin sunansa. Mai hankali ya san don tuwon gobe ake wanke tukunya: wanda aka gaya wa gaskiya a ƙaramin gyara, shi ne zai dawo da babban aiki, har ya rako maƙwabcinsa.

A yau wannan magana ta kai gaban majalisun dokoki, domin manyan kamfanoni sun ɗauki halin kafintan nan, suna kulle injuna da kwamfuta yadda ba mai iya gano ciwonsu sai wakilinsu. A 2012 jihar Massachusetts ta Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa masu ƙera motoci su ba masu mota da ƙananan makanikai bayanan gyara. A watan Janairu na 2023 kamfanin John Deere ya sa hannu a yarjejeniya da babbar ƙungiyar manoman Amurka kan ba manoma damar gyara taraktocinsu. A 2024 Tarayyar Turai ta zartar da dokarta ta haƙƙin gyara. A nan akwai darasi ga masu sana'a na gida: makaniken Gusau da ke kukan an kulle masa injin sabuwar mota, shi ne kuma yake juya baya in zai kwance kafireta don kada mai mota ya gani. Abin da ba ya so a yi masa, bai kamata ya yi wa wani ba.

KASHI NA UKU: GWANINTAR HANNU

Wannan kuwa mallakar mai sana'a ce. Dabarar da mutum ya gano da kansa bayan shekara ashirin yana ɓata ƙyalle yana biya, babu mai ikon ƙwace ta da sunan zumunci. Yana da damar ya ce sai an biya shi ladan koyarwa, ko a zauna a ƙarƙashinsa a yi almajirci. Sai dai a tuna da abin da aka ce a riƙe ɗazu. Mafi yawan wannan gwaninta ba a baki take ba, a yatsu take, da ido, da kunne. Ko an faɗa ba ta ƙaura. Mai tebur da ya ji bayani ya gwada, sau da yawa yakan gane da kansa cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi, ya komo wurin gwani yana mai ganin girmansa fiye da da. Ashe abin da kafinta yake tsoron rasawa shi ne abin da ya fi wuyar sacewa.

Amma ko wannan kashi yana da sharaɗi guda, watau kada a shiga kabari da shi. Imam Gazali a cikin Ihya'u ya lissafa sana'o'i irin su noma da saƙa da ɗinki da ƙaho cikin farillan kifaya, waɗanda in gari ya rasa mai yin su laifin yana kan kowa. Tarihin 'Yandoto kuma ya isa ishara. Gari ne da ya yi suna da malamai tun kafin jihadi, ɗalibai suna zuwa daga nesa. A wajejen 1806 rundunar Muhammadu Bello ta ci garin, malamansa suka watse. Sunan ya rayu, har yau sarkin Tsafe ana kiransa 'Yandoton Tsafe, amma abin da ya iso hannun jama'a daga ilmin waɗancan malamai kaɗan ne ƙwarai in aka gwada da sunan da suka yi. Idan haka ta sami ilmin da ake rubutawa, ina ga wanda yake cikin ƙirjin tsoho ɗaya?

SHAWARA GA MA'AIKATA DA ƊALIBAI

Gwamnati ita ce babbar mai kaya a ƙasa, kuma ita ce ta fi kowa wahala da wannan al'amari. Famfon tuƙa-tuƙa nawa ne ke tsaye a ƙauyuka saboda ƴar robar da ta cinye, alhali kuwa tun shekarun 1980 aka fito da samfurin Afridev musamman don mutanen ƙauye su iya gyara shi da kansu? Saboda haka ma'aikacin da ke rubuta kwangila ya sa sharaɗi uku: littafin kulawa cikin harshen da masu amfani ke ji, horar da mutum biyu daga cikin garin, da bayanin inda ake samun kayan gyara. Hukumomin da aka kafa don koyon sana'a, irin su Asusun Horar da Ma'aikata na ITF na 1971, su riƙa biyan tsofaffin gwanaye ladan koyarwa, domin wanda aka biya ba ya jin an yi masa ƙwace. Ɗalibai kuma su sani cewa akwai kundin digiri a bakin kowane tsohon maƙeri, muddin an je masa da ladabi, an kuma rubuta sunansa a kan abin da ya bayar.

KAMMALAWA

A taƙaice, amsar da ta dace kafintan nan ya ba yaron ita ce: "Zo in nuna maka yadda za ka kula da shi, wannan kyauta ne. Abin da ya lalace kuma zan gaya maka gaskiyarsa, wannan haƙƙinka ne. In kuwa jan ƙyalle kake so ka iya, to ka zo shago gobe da sassafe, ka fara da riƙe mini ƙusa." Da haka mai tebur ya tsira da jarinsa, kafinta ya tsira da abincinsa, sana'a kuma ta sami magaji.