Yaƙin da Ba a Ajiye Masa Sanda



Kai da aka yi wa baftisma tun da daɗewa, kada ka ce zunubi ya manta hanyar gidanka. Dauda makiyayi ne, yana yaro ya kashe zaki don ya ceci tumaki. Amma da girmansa, yana kan sarauta, ya ɗauke matar Uriya, ya sa aka kashe mijin a bakin daga. Sai da annabi Natan ya kawo masa labarin 'yar tunkiyar talaka, sannan ya farka ya tuba.

Naka gwajin yana jiranka daren da ciyawa ta ƙare, ga gonar wani ba a girbe ba, ba mai gani. Yana nan ranar kasuwar Maigatari, kana riƙe da sa mai ciwo, mai saye bai gane ba. Ke ma mai tallan nono, ai ruwan rijiya ba shi da tsada.

Jiya ka ci nasara? Madalla, gobe zai dawo. In kuwa ka faɗi, kada kunya ta hana ka addu'a. Roƙi gafara wurin Yesu, sannan ka nemi mai gonar ka biya shi ɓarnar, ko da sai an sayar da akuya.