Jawabi A Taron Shekara: Ceto Waɗanda Haɗarin Mota Ya Rutsa Da Su



Mai girma Hakimi, shugaban taro, iyayenmu malamai, 'yan'uwa da kuka baro Kano da Kaduna da Abuja da Ikko domin halartar wannan zama, muna yi muku barka da zuwa, Allah Ya saka da alheri.

Batun da muke son mu jawo hankalinku a kansa ya shafi hanyar da kuka biyo. Da wuya a sami gida a garin nan da bai taɓa karɓar gaisuwar wani da ya rasu a haɗarin mota ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke rasuwa a kan hanya kowace shekara, kuma kashi 92 cikin 100 a ƙasashe masu tasowa ne. Rai da ajali na Allah ne, amma An umarce mu da neman magani. Da yawa daga cikin mamatan nan suna da sauran numfashi bayan motar ta tsaya. Zubar jini da toshewar numfashi da jinkirin isa asibiti ne ke ƙarasa su.

Wanda ke fara isa wurin haɗari a ƙasarmu direba ne, ko ɗan acaɓa, ko manomin da gonarsa ke bakin titi. Niyyarsu kyakkyawa ce, sai dai ba a koya musu ba. Sai a fizgo mai karayar wuya ta hannu, a ɗura wa sumamme ruwa, wasu kuma su tsaya ɗaukar hoto da waya. Abin da ake bukata shi ne a danne raunin da ke zubar da jini da tsumma mai tsabta, a tallafe kai da wuya yayin ɗauka, a kwantar da sumamme ta gefensa, a kuma kira lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra, 122, ko lambar gaggawa ta ƙasa, 112.

Koyon wannan ba ya bukatar digiri. A ƙasar Gana, tsakanin 1998 da 2000, an ba direbobin haya fiye da 300 horon yini guda, kuma da aka bibiye su daga baya an tarar da yawansu sun yi aiki da shi a kan hanya.

Haka nan ya kamata mu san haƙƙinmu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, ta kuma tanadi tara ko ɗauri ga wanda ya saɓa.

Don haka muna roƙon wannan ƙungiya abubuwa uku. Na farko, 'ya'yanmu likitoci da ma'aikatan jinya su ware yini guda a hutun Sallah su horar da direbobin tasha da 'yan acaɓa da 'yan agaji. Na biyu, a buɗe rajistar matasa masu ba da jini, tare da rukunin jinin kowa da lambar wayarsa, a ajiye a asibitin gari. Na uku, a keɓe asusu domin man motar ɗaukar majinyata da kayan ɗaurin rauni, kada a bar mutum kwance ana jiran danginsa su kawo kuɗi.

Mun haɗu mun gina ajujuwa, mun haƙa rijiyoyi, wannan ma ba zai gagare mu ba. Muna fatan kwamiti zai kawo mana rahoto a taron baɗi.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.