Ranar Ƙarshe a Jos: Lahadin da Ba Ma Ɗorawa a Sitatus

  Ku gyara zama, yau hirar tafiya za mu yi.

Kun lura da wani abu kuwa? Duk sanda gungun abokai suka fita wani gari hutun ƙarshen mako, hotunan Juma'a da na Asabar ne ke cika mana waya. Ga su a mota ana ta dariya, ga su a gaban gasasshen kifi, ga su a kan dutse an buɗe hannuwa. Amma Lahadi shiru kake ji. Iyakaci mutum ya rubuta "Alhamdulillah mun iso" da daddare. Ni kuwa a ganina ranar ƙarshen nan ita ke yanke hukunci, ko a sake tafiya tare, ko kowa ya ƙudurta a ransa cewa shi da wannan tawagar sai dai gaisuwa. Domin a ranar ne lokaci ke ƙurewa, kuɗi sun ƙare, ga mutanen gida suna jiran tsaraba.

Bari in ba ku misali da tafiyar da muka yi daga Kano zuwa Jos, mu 5 a mota ɗaya, cikin watan Janairu. Ba zan kama suna ba, sun ja mini kunne. Akwai mai motar, mu kira shi Direba. Akwai wanda muka damƙa wa kuɗi, shi ne Ma'aji. Akwai Mai Hoto, wanda a wurinsa in ba a ɗauka ba to ba a je ba. Akwai Ɗan Gari, Bakano ne amma a Filato ya yi bautar ƙasa, ya zauna sansanin Mangu, ya san Jos kamar yunwar cikinsa. Sai ni na biyar. Kafin mu tashi kowa ya zuba N50,000 a asusu, na mai da masauki da karin kumallo. Sauran ciye-ciye kowa da aljihunsa.

Juma'a da Asabar ba sai na ja ku da nisa ba. Jos a kan tudu take, kusan mita 1,200 daga doron teku, shi ya sa sanyinta ya sha bamban da namu. Mun hau duwatsun Shere, mun shiga gandun namun daji, mun je Rayfield mun ga manyan kududdufan nan da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa. Ruwan gwanin sha'awa a hoto, amma Ɗan Gari ya ce ko da wasa kar wanda ya tsoma ƙafa, ramuka ne masu zurfi ba tafkin wanka ba.

To, ranar Lahadi. Wanda bai yi alwalar asuba da ruwan famfon Jos a Janairu ba, ya daina ba ni labarin sanyi. Muka idar da salla, muka nemi masa da shayi, sai gardama ta ɓarke tun kafin shayin ya huce.

Direba ya ce, "Malamai, ƙarfe 12 nake so ta yi mana a kan hanya, ba a cikin gari ba."

Mai Hoto ya ce, "Haba mutumina, ruwan Assop fa? Mu zo har Jos mu koma ba mu gan shi ba? Wa zai yarda mun zo?"

Ga wanda bai san hanyar ba, bari in fayyace. Ruwan Assop yana kan hanyar Abuja ne, tafiyar kusan awa ɗaya daga Jos, wato ka juya wa Kano baya ke nan. Mu kuwa hanyarmu ta Jengre ce, mu bi Saminaka, mu shiga Doguwa, mu ratsa dajin Falgore, mu fito Tudun Wada, sannan Kwanar Ɗangora, sai Kano. Tafiyar awa 5 zuwa 6 ce in an haɗa da tsaye-tsaye. Kuma Falgore ba dajin da ake so magariba ta riski mutum a ciki ba ne. Doguwar hanya ce, garuruwa nesa da juna, kuma an sha jin labarin 'yan fashi da ɓarayin shanu a cikinsa. Ko taya ce ta yi faci da duhu, ka shiga uku. Don haka maganar Direba ba tsoro ba ne, lissafi ne.

Ɗan Gari ne ya raba gardamar. Ya ce a bar Assop sai wani zuwan, a je gidan tarihi tunda cikin gari yake, daga nan a biya kasuwar Farin Gada, wadda dama ita ce a bakin hanyarmu ta fita. Kowa ya samu nasa, ba a ƙona mai a banza ba. Muka tattara kaya, muka miƙa makullan ɗaki tun da safe don kar mu sake dawowa.

Gidan tarihin Jos an buɗe shi a 1952, wani Bature mai suna Bernard Fagg ne ya kafa shi. A nan muka ga kawunan Nok, waɗanda aka ƙera da yumɓu aka gasa sama da shekara 2,000 da suka wuce. Masu haƙar kuza ne suka fara tono su a 1928 a kusa da ƙauyen Nok da ke kudancin Kaduna. Daga nan sai ɓangaren gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Wallahi sai da muka yi dariyar kanmu. Mun taso daga Kano, mun yi tafiyar rabin wuni, muna layin ɗaukar hoto a jikin kwafin badala, alhali ta gasken kullum muna wuce ta a adaidaita ko kallo ba ta ishe mu ba.

Muna fitowa Ma'aji ya ce a tsaya a inuwa, akwai magana. Kun san dai in Ma'aji ya buɗe ɗan littafinsa, fuskoki sai su canza. Ya ce N12,000 ce ta rage a asusu, tanki na neman cikawa, kuma ba a taɓa maganar tsaraba ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, duk tafiyar da aka tsara, mai ne ke haɗiye kaso mafi tsoka. Ya ce ana buƙatar ƙarin N60,000.

Mai Hoto ya ce, "Ai ba wuya. A raba biyar, N12,000 kowa, a yi transfa yanzu mu wuce."

Ɗan Gari bai ce komai ba. Ya sunkuyar da kai yana danna waya, amma fuskar wayar a kashe take. Hausawa suka ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ya gama bautar ƙasa, aiki bai samu ba tukuna, kuma waccan N50,000 Allah kaɗai ya san yadda ya haɗa ta. Daren Asabar ma a wurin kifi cewa ya yi ya ƙoshi, ya sha ruwa kawai yana taya mu hira.

Ku ji abin da Ma'aji ya yi, don shi ne dalilin wannan shirin. Ya rufe littafi ya ce, "Ku bari in sake duba lissafin, zan turo wa kowa nasa ta WhatsApp." Mu uku ya turo mana N15,000 kowanne, shi ma ya ɗora wa kansa haka, ya ƙara da cewa kar wanda ya ɗaga maganar. Shi kuwa Ɗan Gari ya rubuta masa cewa nasa ya fita a kuɗin jagora na kwana 3.

Mai Hoto ya ja ni gefe. Ya ce, "Aboki, ba rowa ba, amma kowa fa ya san aljihunsa kafin ya shigo mota. Ni ma albashi nake jira, kuma ka san Janairu wata ne mai kwana sittin." Kuma ni ban ga laifinsa ba. Shi ma ba daga sama kuɗin ke faɗo masa ba, kuma babu daɗi a sanya wa mutum kaya ba a shawarce shi ba. Amma na ce masa mu yi lissafin gaskiya. Wa ya samo mana masauki mai rahusa ta hannun wanda ya sani? Wa ya hana mu yawon ɓata a gari muna ƙona mai? Sannan Direba, motarsa ce ke cin ramuka, shi ke riƙe da sitiyari muna barci, wa ya biya shi ko sisi? In za a bi diddigi, raba daidai ɗin nan da muke cewa adalci ne, dama can ba daidai ba ne. Kuɗi kawai ake ƙirgawa saboda su ne ke da lamba. Ya yi shiru, ya zaro waya ya tura.

A Farin Gada kuwa Ɗan Gari ya nuna mana shi ɗan gida ne. Ya doshi wata dattijuwa yana cewa, "Mama, ɗanki ne fa ya dawo, kar ki ba ni kunya a gaban baƙi." Kafin ka ce kwabo farashi ya sauko. Filato ce cibiyar dankalin Turawa a Najeriya, daga Bokkos da Mangu ake kwararo da shi, ga kabeji ga karas ga koren wake. Lokacin sanyi kuma lokacin sitiroberi ne. Ba mu bar kowa ya yi sayayyarsa shi kaɗai ba. A haɗe aka saya, dankali da acca da ganyayyaki, aka nemi leda 5 aka raba daidai a gaban kowa. Dalili shi ne kar wani ya shiga gida da buhu, wani ya shiga da hannu biyu. Sitiroberi kuma a cinya ake riƙe shi, in ka jefa shi but ƙarƙashin dankali, lemo za ka kai gida.

Ƙarfe 12 da 'yan mintuna muka ɗauki hanya. Muka tsaya Saminaka muka yi salla, muka ratsa Falgore rana na sama. Motar ta yi tsit, kowa ya gaji, Mai Hoto na ta tace hotuna. Sai da muka fito Tudun Wada Ɗan Gari ya yi gyaran murya ya ce, "Ma'aji, na gane abin da kuka yi fa."

Ma'aji ko juyowa bai yi ba, ya ce, "Me muka yi? Direba, ƙara mana sautin rediyon nan."

Ba a sake tada zancen ba har yau. Ana kiran magariba muna cikin Kano.

Don haka jama'a, in kuna shirin fita, ku fara tsara ranar dawowa kafin ranar tafiya. Ku ware kuɗin man dawowa da na tsaraba tun daga gida, a ba Ma'aji ya ɓoye, ko ana yunwa kar a taɓa. Ku tsayar da lokacin tashi tun kafin a ga wuraren da ke da kyau a hoto, kuma a bar wa wanda zai yi tuƙi magana ta ƙarshe a kai. Ma'ajin ma ku zaɓi mai lura da mutane, ba mai iya lissafi kaɗai ba. In kun san akwai wanda aljihunsa bai kai ba, ku uku ko huɗu ku sasanta tun a gida, don kar maganar ta faɗo wa kowa a inuwar bishiya, mota na jira.

Yanzu ku nake son ji. A taku tawagar, raba daidai kuke yi ko kowa gwargwadon ƙarfinsa? Kuma ku masu ra'ayin Mai Hoto, kar ku ji kunya, ku faɗi hujjarku, zan karanto wasu a shiri na gaba. Allah ya kai matafiya gida lafiya. Sai mun haɗu mako mai zuwa, ku huta lafiya.