Birnin Dhaka a bakin ɗan gari

Jawabin ma'aikacinmu na raya karkara a taron ƙungiyoyin manoma da na mata

Kun ce in ba ku labarin garin da aka tura ni kwas, wato Dhaka, babban birnin ƙasar Bangladesh da ke kudancin Asiya. Mako uku kawai na yi, saboda haka zan faɗa muku abin da mai masaukina ya nuna mini. Shi a can aka haife shi, a can ya girma.

Bangladesh ta rabu da Pakistan a 1971. Faɗinta bai wuce kashi ɗaya cikin shida na Nijeriya ba, amma mutanenta sun kai wajen miliyan 170. Fiye da miliyan 20 suna zaune a Dhaka da kewayenta. A kan titi, motoci da bas-bas da keke mai ƙafa uku da suke kira riksha duk a cushe suke. Wani lokaci mai tafiya a ƙasa yakan riga mai mota isa.

Da asuba ya kai ni Sadarghat, tashar jiragen ruwa a bakin kogin Buriganga. Mutane suna ta sauka da ƙunshin kaya da yara. Ya ce da yawansu manoma ne. Manyan koguna, Padma da Jamuna da Meghna, suna cin gaɓarsu kowace damina. Mutum zai kwana da gona, ya tashi babu ita. A ambaliyar 1998 ruwa ya rufe wajen kashi biyu cikin uku na ƙasar. Wanda ya rasa gona, ina zai nufa in ba birni ba?

Daga nan muka je Korail, unguwar ɗakunan kwano. Iyali guda a ɗaki ɗaya, haya kowane wata, ruwa ma saye. Tafki ne kawai ya raba su da Gulshan, unguwar masu kuɗi. Maza suna tuƙa riksha, 'yan mata suna ɗinki a masana'antun tufafi. Aikin yana ciyar da gidaje da yawa, amma da haɗari. A 2013 ginin Rana Plaza ya rushe a Savar, kusa da birnin, mutum fiye da 1,100 suka mutu. An ga tsagewa a bango tun ana gobe, amma aka ce masu ɗinki su koma bakin aiki.

Duk da haka abokina yana ƙaunar garinsa. Ya ciyar da ni shinkafa da kifi, ya kai ni tsohon gari, ya nuna mini jirgin ƙasa na cikin birni da aka buɗe a 2022. Na tambaye shi maganin cunkoson. Ya ce maganin yana ƙauye: in manomi ya iya riƙe gonarsa, ba zai zo ya kwana a bakin titi ba.

Wannan maganar ce na kawo muku tsaraba. Mu ma kwazazzabo yana cin gonakinmu, samarinmu suna tafiya birni. Ina roƙon kowace ƙungiya ta zauna kafin ruwa ya sauka, ta duba gonar wa ke zaizayewa, a sa ranar gayya a jera duwatsu a dasa itatuwa.