Dashen Itatuwa a Sauka Kahuta: Wa Zai Ba Su Ruwa a Watan Maris?

Takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani kan itatuwan cikin gari, Sauka Kahuta, Minna



Masu shirya wannan zama sun nemi in yi magana a kan amfanin itatuwa a cikin gari. Zan taɓa wannan a gurguje, domin duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwano a Minna cikin watan Maris, ga wuta an ɗauke, ba sai an karanta masa amfanin inuwa daga takarda ba. Inda zan daɗe shi ne tambayar da ba a cika yi ba ranar bikin dashe, lokacin da babban baƙo ya naɗe hannun riga, aka miƙa masa shebur, masu hoto suka ɗauka: wannan dashen, na wane ne? Matsayina a wannan takarda shi ne, bishiyar da ba ta da takamaiman mai ita ba ta kai rani na biyu, kuma duk shirin da bai warware wannan ba tun farko, asarar kuɗi da irin dashe zai yi.

Abin da bishiya ke yi wa gari

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976 Minna ta zama babban birni, garin yake ta faɗaɗa ta kowace kusurwa: Maitumbi, Chanchaga, Bosso, Kpakungu, mu nan da maƙwabtanmu na Barikin Sale. Gonakin Gwarawa sun koma filoti, filoti sun koma gidajen haya. Abu na farko da mai fili ke yi kafin ya kira magini shi ne sare duk abin da ke tsaye a wurin, ko ɗorawa ce ko kaɗanya, abu na ƙarshe kuma shi ne malale tsakar gida da siminti.

Kwano da siminti da kwalta suna shan zafin rana tun safe, su riƙe shi, su riƙa sakinsa bayan magariba. Shi ya sa cikin unguwa ke fin bayan gari zafi da dare. Bishiya tana rage wannan ta hanya biyu. Tana tare rana kafin ta sauka a bango da ƙasa, sannan ruwan da saiwarta ta jawo yana fita ta ganye a matsayin tururi, fitarsa kuwa tana tafiya da zafin iskar wurin. A birnin Medellin na ƙasar Kolombiya, inda aka fara jera itatuwa a gefen manyan tituna da rafuka 30 daga 2016, hukumomin birnin sun ba da rahoton cewa zafi ya ragu da kimanin digiri 2. Mu da muke zaune a jihar da ke da madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru amma fanka ke tsayawa cak tsakar dare, digiri 2 ba abin rainawa ba ne.

Da damina kuma aikinta wani ne. Ganye yana karya ƙarfin ɗigon ruwa, saiwa tana buɗe ƙasa ruwan ya nutse maimakon ya kwarara gaba ɗaya cikin lambatu da leda ta riga ta toshe. Ambaliyar Mokwa ta 29 ga Mayun 2025, wadda ta ci rayuka fiye da 150, tana da dalilai da yawa, kuma zalunci ne a ce dashen mangwaro zai hana irinta. Amma a matakin lungu, bambancin tsakar gidan da ke shan ruwa da wanda ke tura shi gidan maƙwabci abu ne da kowa a ɗakin nan ya gani da idonsa. Sai ƙurar hunturu da ganye ke tarewa, sai 'ya'yan itace, sai wurin zaman mai faci da mai shayi da 'yan acaɓa. Wannan ya isa a kan amfani.

Yamai da Maraɗi

Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun riga mu shiga wannan gwaji, kuma sun bar mana misalai biyu da suka yi hannun riga.

A 1965 aka fara kafa wa birnin Yamai ɗamarar itatuwa, yawancinsu dogon yaro, da nufin ta kai kadada 2,500 ta kewaye garin ta tare iska da rairayi. Gwamnati ta dasa, masu ba da agaji na waje suka tallafa, ma'aikatan gandun daji suka yi gadi. Itatuwan sun kama, sun girma. Amma da garin ya cika ya iso bakinsu, sai aka fara yanka filaye a ciki, aka gina gidaje, wani wurin ya zama juji. Kowa ya san ta a matsayin kayan gwamnati, kuma mun san yadda muke ɗaukar kayan gwamnati. Wannan kuwa a ƙasar da tun 1975 ta haɗa bikin samun 'yancin kanta na 3 ga Agusta da ranar dashen itatuwa.

A Maraɗi labarin ya sha bamban. Wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ya zo aiki da mishan ɗin SIM, ya yi ta raba irin dashe ga ƙauyuka yana kallon yawancinsu suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa ƙananan tsire-tsiren da manoma ke sassabewa duk shekara kafin shuka, toho ne daga kututturen tsofaffin itatuwa waɗanda saiwarsu ke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Idan manomi ya zaɓi reshe uku ko huɗu masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran, ya tsare su daga dabba da wuta, cikin 'yan shekaru sun zama bishiya, ba tare da an sayi leda ɗaya ta dashe ko an ɗebi bokitin ruwa ba. Manoman can suka sa wa abin suna sassaben zamani.

Sai dai dabarar ba ta yaɗu don kyanta kawai ba. Dokar daji da aka gada daga Faransawa ta mayar da itatuwa mallakar hukuma, har wanda ya tsiro a gonarka. Ka sare reshe a ci ka tara. Don haka mai hankali yakan kashe tsiron tun yana ƙarami don kada ya jawo wa kansa magana. Da aka sassauta wannan a aikace, daga baya dokar daji ta 2004 ta ƙara tabbatar wa manomi haƙƙinsa, sai mutane suka fara barin gawo da sauran itatuwa a gonakinsu, domin sun tabbata itacen girkin da abincin dabbar nasu ne. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin kadada miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, yawanci a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2018 Rinaudo ya karɓi lambar yabo ta Right Livelihood, a shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da busasshiyar ƙasa da ramukan taki.

A lura da wani abu. Ruwan saman da Minna ke samu, wajen milimita 1,200 a shekara, ya fi ninki biyu na Maraɗi. Idan bishiya ta mutu a nan, ba za mu ɗora wa sama laifi ba.

Wani zai ce ai gona daban, gari daban. A gari akwai gefen titi da kasuwa da tasha, wuraren da ba na mutum ɗaya ba. Gaskiya ne, kuma Firitawun, babban birnin Saliyo, ya nemo wa wannan mafita. Bayan zaftarewar dutsen da ta hallaka mutane fiye da 1,000 a Agustan 2017, magajiyar garin, Yvonne Aki-Sawyerr, ta ƙaddamar da shirin dasa itatuwa miliyan ɗaya a 2020. Kowane dashe ana yi masa rajista, a ɗauki hotonsa da wayar hannu tare da wurin da yake, a danƙa shi ga wani ɗan unguwa. Ana biyan mai kula da shi ne idan ya dawo ya sake ɗaukar hoto aka ga yana raye. Wato inda babu mai bishiya, sai suka ɗauko mata mai ita da albashi.

Lissafin rani

Yanzu mu dawo gida. Ruwa yakan ɗauke mana a ƙarshen Oktoba, ba ya dawowa sosai sai Afrilu. A ce mako 20 ke nan. Idan muka ware wa ƙaramin dashe jarka ɗaya mai lita 25 a mako, wanda ba almubazzaranci ba ne, zai sha lita 500 kafin damina. Dashe 1,000 zai sha lita 500,000. A unguwar da uwar gida ke sayen ruwan girki daga kurar 'yan garuwa, wa zai biya wannan? Duk wanda ya zo mana da alkawarin dubban itatuwa, mu yi masa godiya, sannan mu miƙa masa wannan lissafin.

Amsar da na fi gamsuwa da ita ita ce a kai bishiya inda ruwa ke zubewa dama. Wurin alwala na kowane masallaci yana zubar da ruwa sau biyar a rana, har da rani. Haka gindin fanfon burtsatse, haka wurin wankin mota, haka kwatar da ruwan wanke-wanke ke bi daga kowane gida, muddin ba mai yawan omo da bilic ba ne. Dashe 200 a irin waɗannan wurare ya fi 2,000 a jere a gefen titin da ba mai waiwayarsu. Kuma a dasa a Yuni ko Yuli, lokacin da damina ta zauna, don saiwa ta samu wata uku tana nutsawa. Dashen ƙarshen Satumba, wanda ake yi saboda a lokacin ne kuɗin shiri suka fito, kusan hukuncin kisa ne.

Sai akuya. A nan ba a wasa: dashen da ba shi da keji, na bulo ko na raga ko na ƙaya, abincin rana ne. Kuɗin keji yakan fi kuɗin irin dashen, kuma shi ne abin da kasafin masu shiri ke mantawa.

Zaɓen iri ma yana da nasa hukunci. Dogon yaro, wanda asalinsa daga Indiya ne, ya kuma fara kafuwa a Borno tun wajen 1928, yana jure fari, dabba ba ta cika damunsa ba, ya dace da makaranta da maƙabarta da bakin hanya. Maɗaci yana ba da inuwa mai faɗi amma yana son sarari. Mangwaro da gwaiba da kashu da lemo su ne na cikin gida, domin abin da ake ci ba a barinsa ya mutu. Zogale ba shi da inuwar kirki, amma uwar gida za ta kula da shi fiye da kowa saboda miya da kwaɗo. Ceɗiya da durumi a nisanta su daga bango da shadda, saiwarsu ba ta jin magana. Kada a dasa mai tsayi a ƙarƙashin wayar lantarki, domin ranar da ya taɓa ta za a zo a yi masa aski mara kyau. Su kuma dogayen itatuwan adon nan masu kama da sanda da ake jerawa a ƙofar manyan gidaje, ra'ayina shi ne kada ƙungiya ta kashe ko sisi a kansu. Ko kaza ba ta samun inuwa a gindinsu.

Kafin duk wannan, mu ƙirga manyan da suka rage. Tsamiya ko ɗorawa mai shekara 40 tana yin aikin da sabon dashe ɗari ba zai yi ba a shekaru goma masu zuwa. Barazanar da ke kansu ta ƙaru tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, tsadar rayuwa ta mayar da gidaje da yawa kan gawayi. Buhunan da muke gani jibge a hanyar Bida da ta Suleja, wasunsu kaɗanya ce, bishiyar da Jihar Neja ke kan gaba wajen arzikinta, wadda matan karkara ke samun kuɗin man kaɗe daga gare ta. Ba zan zargi matar da ke girki da gawayi ba, ba ta da zaɓi. Amma duk murhu mai tsimin gawayi da ya shiga gida a Sauka Kahuta, wata bishiya ce ta tsira a ƙauye.

Abin da za mu nema, da abin da ke hannunmu

Jihar Neja ba ta cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka, amma tana cikin shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700, wanda ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja. Ga kuma Ma'aikatar Muhalli, da hukumar kare muhalli ta jiha, NISEPA, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke garin nan tun 1983, mai ɗalibai da ke neman abin da za su yi bincike a kai. Daga hukuma, irin dashe shi ne mafi arha a cikin buƙatunmu. Mu roƙi keji, da tankar ruwa daga Janairu zuwa Maris, da sharaɗin cewa duk ɗan kwangilar da ya yi titi a Minna zai bar gurbin itatuwa a gefensa ya kuma raine su shekara biyu kafin a biya shi cikon kuɗinsa. Daga jami'a, ɗalibai su zo su zana mana taswirar itatuwan da ke unguwar, kowace da wurinta.

Namu aikin kuwa littafi ne guda a hannun mai unguwa. Kowane dashe a rubuta irinsa, da wurinsa, da sunan wanda ya karɓa: mutum, ko kwamitin masallaci, ko aji a makaranta, ko ƙungiyar masu sana'ar da ke zama a wurin. Wanda bai yarda a rubuta sunansa ba, kada a ba shi. Ranar ƙidaya kuma ta zama ƙarshen Maris, a zaga da littafin a ga wanne ke da ganye.

Akwai ƙulli ɗaya da nake so wannan zama ya kwance kafin a tashi, domin yawancin mazauna unguwar nan 'yan haya ne. Ɗan haya ba zai raini mangwaron da zai fara 'ya'ya bayan shekara huɗu ko biyar ba, alhali bai san ko zai kai baɗi a gidan ba. Mai gida kuma yana Tunga ko Abuja, tsoronsa kada saiwa ta fasa masa bango, ko bishiyar ta cinye wurin da yake shirin ƙara shago. Shawarata ita ce a rubuta 'yar yarjejeniya a gaban mai unguwa: mai gida ya nuna wuri, ɗan haya ya raina, 'ya'yan itacen nasa ne muddin yana gidan, kuma ba a sarewa sai an sanar da mai unguwa. Na ga akwai masu gidaje a layin gaba, ga 'yan haya a baya. Shugaban taro, ina roƙon a fara ba masu gidajen dama su faɗi abin da zai hana su sa hannu.