Kafin a Kashe Sabar, a Duba Wanda Ke Ciki

Masu girma sarakunan Zango, malamanmu, iyayenmu mata, da ƙannenmu ɗalibai na Asawase, Aboabo, Sabon Zango da sauran unguwannin Kumasi, barkanku da zuwa. Maganata ta yau a kan kwamfuta ce, amma tushenta haƙƙin ɗan Adam ne. Tambayar ita ce: idan lokacin gyaran na'ura ya yi alhali mutane suna tsakiyar aiki a kanta, yaya za a yi da su? Matsayina shi ne gyara wajibi ne, aikin da mutum bai kammala ba kuwa amana ce a hannun mai kula da na'urar, kuma ba shi da uzurin salwantar da ita tunda akwai sananniyar hanyar kiyaye ta.

Bari in fara da yadda abin yake. A da, kwamfutar da ke kan teburin ma'aikaci ita ke ɗauke da manhajojinsa da takardunsa. Yanzu ma'aikatu da yawa a duniya sun koma hayar manyan na'urori, waɗanda ake kira sabar, a rumbunan kamfanoni masu nisa. Ma'aikaci zai shiga da sunansa da kalmar sirri, ya ga allonsa kamar kullum, amma ainihin aikin yana gudana ne a wata ƙasa. Microsoft na da irin wannan tsari mai suna Azure Virtual Desktop, Amazon na da WorkSpaces, akwai kuma na Citrix. Microsoft ya buɗe rumbunansa a Johannesburg da Cape Town a 2019, Amazon ya buɗe nasa a Cape Town a 2020. A tsarin Microsoft, sabar guda tana iya ɗaukar mutane da dama a lokaci ɗaya, kowa da zamansa. To, ita ma sabar tana bukatar gyara. Kowace Talata ta biyu ga wata Microsoft kan fitar da facin toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi, kuma sau da yawa facin ba ya kamawa sai an kashe na'ura an sake kunna ta. Wanda ya danna maɓallin nan ba tare da dubawa ba, ya rufe aikin duk wanda ke ciki.

Ku dubi magatakardar da ke shigar da sunayen ɗalibai da kuɗin makaranta tun safe. Ta kai layi na ɗari da wani abu, rasit suna jibge a gefen hagu, waɗanda ta gama ta kife su a dama, iyaye suna tsaye a bakin taga. Allo ya yi baƙi. Da ta sake shiga, abin da ba ta adana ba ya tafi. Wani lokaci ɓarnar ta fi haka, domin saitunan kowane ma'aikaci suna cikin wani faifai da ake maƙala wa sabar idan ya shiga, a cire idan ya fita. In aka yanke zaman da ƙarfi, faifan kan iya kullewa ko ya lalace, washegari mutum ya tarar da allo fayau, babu ko ɗaya daga cikin abin da ya saba gani. Injiniya zai rubuta cewa gyara ya kammala lafiya. Babu wanda zai rubuta cewa wata baiwar Allah ta kai magariba tana maimaita aikin safe.

Hanyar da ta dace kowa a nan ya san ta daga banki. Idan lokacin tashi ya yi, mai gadi yakan rufe ƙofa ya hana sabon shiga, amma waɗanda ke cikin layi ana sallamar su ɗaya bayan ɗaya. Masu ƙera waɗannan tsare-tsare sun tanadi haka daidai. Akwai saitin da ke hana sabar karɓar sabon mutum, sai a riƙa tura masu shigowa zuwa wata, na ciki kuma su ci gaba har su gama. Akwai hanyar aika saƙo ya bayyana a allon kowa, a faɗa masa lokacin da za a rufe. Sai an ga sabar ta zama fanko ake taɓa ta, kuma idan an gama a gwada ta kafin a sake buɗe ƙofa. Kayan aikin suna nan, ba a biyan ko sisi a kansu daban. Abin da yakan yi ƙaranci shi ne haƙuri da ganin girman wanda ke ɗaya gefen.

A nan ne zan daɗe, domin akwai abin da ya shafe mu fiye da waɗanda suka ƙera na'urorin. Tsarin yana bambanta mutumin da ya fita da kansa da wanda layinsa ya yanke. Na biyun zamansa yana nan a raye a cikin sabar, da duk abin da ya buɗe, yana jiran ya dawo. Masu kula da na'ura sukan sa wa irin wannan zama wa'adi, in ya cika a share shi, bisa zaton mai shi ya tafi gida ya manta. A ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa, zaton yana da madafa. A Ghana, ƙasar da ta sha dumsor, wato yawan ɗauke wuta, daga 2012 zuwa 2016, kuma har yau ba ta rabu da shi gaba ɗaya ba, yankewar layi sau da yawa tana nufin an ɗauke wuta, ko data ta ƙare, ko mutum yana jiran a tada janareta. Ranar 14 ga Maris 2024, cikin azumi, igiyoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka samu matsala, Ghana da maƙwabtanta suka shiga kwanakin wahala. Duk wanda ya yanke a ranar bai yi sakaci ba. Haka ma ma'aikacin da ya bar aikinsa a buɗe ya tafi Juma'a babban masallaci: na'ura za ta lissafa shi cikin marasa aiki, alhali nan da awa biyu zai dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Ga kuma batun agogo. Idan kamfanin da aka ba kwangila yana Indiya ya zaɓi sha biyun darensa, a Kumasi shida da rabi ne na yamma, daidai lokacin da masu shaguna a Kejetia da Adum ke haɗa lissafin yini. Saboda haka lokacin gyara da tsawon wa'adi ba abin da za a kwafo daga littafin wata ƙasa ba ne. Dole a zauna da masu aikin, a tambaye su yaushe suka fi cunkoso, a kauce wa ƙarshen wata da lokacin rajistar jarrabawa da jajibirin Sallah.

Na san abin da masana tsaro za su ce: jinkiri haɗari ne. Suna da gaskiya, kuma suna da hujja. A Mayun 2017 cutar kwamfuta ta WannaCry ta gurgunta asibitoci a Ingila har aka soke ganin likita kusan 19,000, alhali Microsoft ya fitar da maganinta tun watan Maris. Amma ku lura, jinkirin da ya jawo wannan na wata biyu ne, abin da nake nema kuwa na 'yan awanni ne. Gaggawa ma tana da nata tarihin. Ranar 19 ga Yuli 2024 wani sabuntawa da kamfanin CrowdStrike ya saki a lokaci guda ya durƙusar da na'urorin Windows kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, bankuna suka tsaya. Wanda ke kwashe mutane daga sabar ɗaya, ya gyara ta, ya gwada, sannan ya matsa zuwa ta gaba, shi ne zai gano mugun faci tun bai game ko'ina ba. Tausayin ma'aikaci da tsaron na'ura hanya ɗaya suke bi.

Mai riƙe da kuɗi zai ce tura mutane wata sabar na nufin kunna ƙarin na'ura, da dala ake biya, kuɗinmu sidi kuwa ba shi da tabbas. Haka ne, sai dai hayar ta awa ce, ana kashe ƙarin da zarar an gama, kuma ya kamata ya sa albashin awannin da ma'aikata suka ɓata a ɗaya gefen ma'auni. Injiniya kuma zai ce mutane ba sa karanta saƙo, wasu sai su yi mako ba su fita ba. Wannan ma gaskiya ne, kuma ban ce a jira har abada ba. A sa wa'adi, a cika shi. Amma saƙon Turanci mai cike da kalmomin fasaha da ya bayyana minti biyar kafin a rufe bai kai sanarwa ba. A faɗa tun kwana biyu, a maimaita da safe, a tura ta WhatsApp ga wanda layinsa ya yanke, a rubuta da harshen da mutum ke ji, Hausa ce ko Twi. Mutanen ƙasar nan sun nuna suna iya jure yankewa in an mutunta su. A 2024 abin da jama'a suka yi ta nema daga kamfanin wutar lantarki na ECG shi ne jadawalin ɗauke wuta, har hukumar PURC mai sa ido a kansa ta umarci kamfanin a watan Maris ya fitar da shi. Mai sayar da kifin firiji da tela sun so su san lokaci ne domin su shirya.

Wani zai ce me ya haɗa Zango da wannan? 'Ya'yanmu suna karatun kwamfuta a jami'ar KNUST da Jami'ar Fasaha ta Kumasi, gobe su ne za su riƙe waɗannan maɓallai a bankuna da asibitoci da makarantu. Iyayensu kuma su ne ke tsaye a bakin taga. Ina roƙon shugabannin makarantu da ma'aikatu da ke nan, duk kwangilar da za ku sa wa hannu a rubuta a ciki yaushe za a yi gyara, kwana nawa za a ba da sanarwa, da tsawon lokacin da za a jira wanda layinsa ya yanke. Ku kuma ɗalibai, ranar da aka damƙa muku sabar, ku buɗe jerin waɗanda ke ciki ku karanta sunayensu kafin ku taɓa komai.